Zuwa Inda Iska Take: littafin aikin fassarar da nake yi wa Umma

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na fara, bari in dinga rubutawa don kar in manta inda na tsaya da abin da na kashe. Sati uku ke nan da aka yi wa Umma aikin gwiwa, an ce sai ta ɗauki watanni kafin ta koma zirga-zirgarta, kuma duk wanda ya san Umma ya san ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu daga gado sai kujera, rediyon ma ta gaji da shi. Shekaranjiya da daddare ina gefenta ina sake kallon wasan ƙasar Sin ɗin nan a waya, wanda suka sa wa Meet Yourself da Turanci, asalin sunansa Qu You Feng De Difang, wato zuwa inda iska take, sai ta leƙo ta ce wannan wane gari ne mai kyau haka, kuma me yarinyar take wa kuka. Na fara gaya mata da baki, ina tsayarwa ina bayani, kafin mu yi minti goma na gaji ita ma ta gaji. Shi ne na ce bari in zauna in mayar mata da shi Hausa a rubuce a ƙasan allo.

Kashi 40 ne, kowanne wajen minti 45, an fara nuna shi a tashar Hunan a Janairun 2023. Liu Yifei ce ta fito a matsayin Xu Hongdou, ma'aikaciyar wani babban otal a Beijing wadda aminiyarta ta rasu da ciwon daji, ta ajiye aiki ta tafi wani ƙauye kusa da Dali a lardin Yunnan don ta yi wata uku, wurin da suka yi ta cewa za su je tare aiki bai bar su ba. Li Xian kuma shi ne Xie Zhiyao, ɗan ƙauyen da ya baro aiki mai tsoka a Beijing ya dawo gida. Ni abin da ya riƙe ni tun kallon farko shi ne yadda soyayyar tasu take tafiyar hawainiya, ka san tana nan amma ba mai furtawa.

Autanmu ya sa min Aegisub, manhajar rubuta fassara a ƙasan allo, a laftof, kyauta ce. Filasha mai gig 32, N6,500. Igiyar haɗa laftof da talabijin N3,500. Data N5,000.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ashe aikin ba wasa ba ne. Kashi na 1 kawai layi ɗari bakwai da wani abu na ƙirga. Bayan na taso daga makaranta nake zama, daga la'asar zuwa magariba, na yi rabi a kwana huɗu.

Matsalar da ban taɓa tunani ba ita ce kai da ke. Turancin da nake bi bai bambanta ba, Sinancin ma kalma ɗaya ce, suna furta ta ni, ko mace ake wa magana ko namiji, don haka kowane layi sai na kalli fuskar wanda ake yi wa magana kafin in rubuta. Suna da wata kalmar kuma, nin, ta girmamawa, wannan kam ta zo min da sauƙi, ku na sa kamar yadda muke cewa manya kun tashi lafiya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na gama kashi na 1, na jona a talabijin ina ta murna, sai ga duk inda ɗ da ƙ da ɓ suke sun koma alamar tambaya. Ƙauye ya zama ?auye. Na kusa kuka. Auta ya duba ya ce wajen ajiye fayil ɗin ne, sai an zaɓi UTF-8, muka sake ajiyewa muka buɗe da VLC suka fito daidai.

Wannan ƙarama ce. Babbar ita ce Umma ba ta iya bin rubutun. Tana karanta boko sosai, littattafan addini na Hausa duk ta karance su, amma a nitse take karatu, tana bi da yatsa, ga shi nan layi yana fitowa daƙiƙa biyu uku ya ɓace. Na ga ta matso da kujera, ta gyara tabarau, leɓenta na motsi, kafin ta kai ƙarshen layi wani ya shigo, kuma duk lokacin idonta na ƙasa, ba ta ga fuskar kowa ba. Wurin da Hongdou take sauraron saƙon muryar da aminiyarta ta bar mata, wurin da ni na yi kuka har da shessheƙa, Umma tana can tana kokawa da haruffa. Da aka gama ta ce sannu da ƙoƙari 'yar nan, Allah ya yi albarka, daga nan ba ta ƙara ba. Na san bai shige ta ba.

Kwana takwas na aiki. Ban yi barci da wuri ba ina ta juya abin.

Talata, 12 ga Nuwamba

Shawara ta tsaya a kan murya. Zan rubuta fassarar kamar da, sannan in karanta in ɗora a kan sautinsu, in rage nasu ƙasa ba tare da na kashe shi ba. Ni zan yi muryar kowa. Maiko na maƙalawa a wuyan riga N8,000, manhajar ɗaukar murya Audacity kyauta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ɗauka ta farko ta lalace, janareton maƙwabta ya shiga, ga masu tallan ruwa, ga akuya. Na gwada cikin dare, nan ma janareto. Lokacin da ya yi shi ne bayan sallar asuba zuwa shida da kwata, in shiga ɗakin Umma na ajiye kaya in ja ƙofa, tulin zannuwa da barguna suna shanye amsa-kuwwa. Minti 40 nake samu a rana.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Kashi na 1 da na 2 da murya sun kammala, mun kalla jiya, kuma wannan karon ta kalla da gaske. Wurin saƙon murya ta ɗauke kai ta goge ido da bakin mayafi, ta ce Allah sarki, abota ke nan. Sunayen ne suka gagare ta, ta raɗa musu nata. Da na gaya mata Hongdou ma'anarsa jan wake sai ta ce shi ke nan Jan Wake. Shi kuma Mai Dawakai, saboda a wajen dawakai ta fara lura da shi. Kakarsa Kaka. Matar nan mai kai labari gida-gida, Agui, ta ce wannan ai kowace unguwa akwai ta. Na bi Umma, a fassarar ma yanzu Jan Wake nake cewa.

Na je na duba sunan nan don ya tsaya min a rai. A wajen Sinawa jan wake alama ce ta bege, tun zamanin daular Tang mawaƙi Wang Wei ya yi waƙa a kansa har yaran makaranta suna haddacewa. To ka ga wanda ya raɗa mata sunan ya san abin da yake yi. Shi kuma Xie, harafin ɗaya ne da na xiexie, na gode, kuma da yawa daga mutanen ƙauyen Xie ne.

Lahadi, 1 ga Disamba

Kashi na 3 da na 4. Data N5,000. Ba wani abu.

Asabar, 7 ga Disamba

Wannan satin na yi kuskuren da ya fi kowanne, kuma zan rubuta shi duka don kar in sake.

Auta ya zauna ya kalli kashi na 4 da mu ya ce Yaya aikin ya yi, amma shirun ya yi yawa, ki dinga cikewa kamar yadda masu fassarar fina-finan Indiya suke yi, su ba sa barin wuri fayau, ko jarumi bai yi magana ba sai su sa masa. Na ga kamar yana da gaskiya, don wasan nan akwai wuraren da za a yi minti guda ana tafiya a kan hanyar dutse ko ana zaune a tsakar gida ana shan shayi ba wanda ya ce uffan, kuma ina tsoron kar Umma ta gaji. Sai na ɗauki kashi na 5 na cike shi. Duk inda Mai Dawakai ya kalle ta ya kawar da kai sai in ce a nan zuciyarsa ta fara karkata gare ta. Inda ta yi murmushi ita kaɗai in ce ita ma ta fara jin wani abu. Har da kirari na sa masa a wani wuri. Asuba huɗu na yi a kansa.

Muka kunna daren Alhamis. Ba a yi minti goma sha biyar ba Umma ta ɗaga hannu ta ce ke 'yar nan, wannan maganar shi ya faɗa ko ke. Na ce ni ce nake bayani. Ta ce to ki yi shiru mana, ai ina da ido. Ta ce yaron nan bai ce komai ba kin sa masa magana a baki, kin mayar da shi mara kunya, mutumin da yake ta kiyaye kansa. Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi, domin abin da ya sa na so wasan tun farko shi ne na bi na rushe da hannuna. Shi Xie Zhiyao ya san baƙuwa ce, ya san makoki ne ya kawo ta, ya san kwananta ƙirgagge ne, shi ya sa duk abin da zai yi mata yake yin sa a fakaice, ya nuna mata hanya, ya haɗa ta da wanda za ta ji daɗin hira da shi, ya bar ta in ya ga tana son kaɗaici. In ka fassara wannan da ina son ki tun kashi na 5 to me ya rage na sauran 35 ɗin.

Na goge muryar gaba ɗaya. Doka daga yau: abin da baki ya faɗa kawai. In rubutu ne ya fito a allo ko saƙon waya in karanta. In shiru ne in bar shi, har in ɗan ɗaga sautinsu don a ji iska da tsuntsaye.

Laraba, 11 ga Disamba

Na sake kashi na 5. Ya fi sauri ma, asuba biyu.

Asabar, 21 ga Disamba

An yi hutun makaranta, yanzu ina samun safiya duka don rubutu. Kashi na 6, 7 da 8 sun shiga.

Abinci yana ba ni aiki, kuma ba a raba wasan nan da abinci, kusan duk maganar kirki a kan kwano ake yin ta. Mixian na ce taliyar shinkafa. Fanken da suke cusa wa furen wardi na ce fanken fure, Umma ta yi mamaki wai ana cin fure, na ce ai mu ma zoɓo muke sha. Akwai rushan, wani cuku na mutanen Dali da ake miƙar da shi siriri a naɗe a jikin gora ya bushe sannan a gasa ko a soya, ina nuna mata ta ce wannan ai cukun da ake kawo mana daga Nijar ne. Inda naman alade ne nakan ce naman alade, inda giya ce in ce giya, ban ɓoye ba, ta ce kowa da addininsa. Sai ta tambaya ko akwai musulmi a can. Akwai su da yawa a Yunnan, 'yan ƙabilar Hui, a Dalin nan ma a 1856 wani musulmi Du Wenxiu ya kafa mulki har ana ce masa Sarki Sulaiman, ya riƙe garin wajen shekara goma sha shida kafin sojojin daular Qing su murƙushe su. Ta jinjina kai ta ce ikon Allah.

Da aka nuno rinin 'yan ƙabilar Bai na yankin Dali, yadda suke ɗaure farin yadi da zare su tsoma a baba ya fito shuɗi da zane, ta tashi zaune sosai ta ce a mayar baya. Sau uku na mayar. Kakanta marini ne, tana yarinya ta sha kai masa abinci Ƙofar Mata. Ta ce hannunsu ma irin nasa, shuɗi har farce. Matsalar ma iri ɗaya ce, a wasan dattijo mai sassaƙar katako yana kukan yara ba sa son koyon sana'a, kowa birni yake hari.

Alhamis, 26 ga Disamba

An ɗauke wuta ina tsakiyar kashi na 10, batirin laftof ɗin dama ya mutu sai a jone yake aiki, ta mutu ɗif. Da aka kawo na kunna, fayil ɗin rubutun ya buɗe fari fat, aikin kwana biyu, layi sama da 400. Auta ya yi iya yinsa bai dawo ba. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi na daɗe. Sabon batiri N22,000, kuɗin da na ware wa ɗinki ne. Yanzu duk layi 50 sai na ajiye a filasha, in na tashi kuma in tura wa kaina a imel.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Na maido na 10, na yi 11 da 12. Sanyi ya sauko sosai, murya tana dishewa da asuba, ina shan ruwan ɗumi da citta kafin in shiga. Data N5,000. Gobe makaranta.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙaramin kuskure amma ya tayar da ƙura. A Sinanci shi da ita a baki ɗaya suke, ta, a rubuce ne kawai suka bambanta. Wani wuri Mai Dawakai yana maganar ƙanensa, yana cewa ya damu da shi, ni kuma ga gajiya na rubuta ita. Umma ta ce au, dama yana da wata. Ta ɓata rai har ƙarshen kashin. Sai da na koma na duba na gano, na gyara layi uku na sake ɗauka na nuna mata kafin ta huce.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwaggo ta zo dubiya daga Zariya ta kwana uku, ta tarar muna kashi na 15, ta zauna ta kalli uku a jere. Daren jiya aka yi muhawarar da na so a ce na ɗauka.

Gwaggo ta ce ita fa ba ta gane wa yaron nan ba, namiji har namiji, ga sana'a ga mutunci a gari, yarinya ta shigo har gidan kakarsa tana cin abinci, kakar ma ta nuna tana so, to me yake jira, ya fito ya yi magana a tura manya. Ta ce irin wannan sanyin jikin ne ake yi har wani ya zo ya ɗauke. Umma ta ce Yaya ba ki kalla daga farko ba ne. Yarinyar nan ba aure ta zo nema ba, ta zo ne ta warke, ta biya kuɗin ɗaki na wata uku, iyayenta na can wani lardi, aikinta na birni. Shi kuma ya tara jama'a a bayansa, matan da ke ɗinki da masu kai kaya da masu kula da dawakai duk a kansa suke ci, ba zai iya tashi ya bi ta ba. In ya ce ta zauna ya zalunce ta, in ya bi ta ya zalunci gari. Gwaggo ta ce to sai a zauna ana kallon juna. Umma ta ce ai ba kallon juna suke ba, duba ki ga wa take fara nema in abu ya same ta.

Ni ina gefe ban sa baki ba amma ina bayan Umma ɗari bisa ɗari. Masu cewa wasan ba ya motsi ba su lura ba ne, ana motsi, sai dai a ƙananan abubuwa ne. Da farko in za ta yi masa magana da ladabin ma'aikaciyar otal take yi, murmushin aiki, godiya a kan komai. A hankali godiyar ta ragu, ta fara yi masa gardama, ta fara gaya masa inda shirinsa na kasuwanci yake da rauni don ta fi shi sanin harkar baƙi, shi kuma yana saurara da gaske. A Hausar ma na bi wannan, da farko na sa tana cewa na gode ƙwarai, sannu da ɗawainiya, yanzu ta koma to, sai anjima, kai dai ka cika taurin kai. Umma ta lura da canjin ba tare da na faɗa ba.

Gwaggo ta ce in tura mata a WhatsApp ta raba wa ƙawayenta. Na ba ta haƙuri, wasan ba nawa ba ne, masu shi sun kashe dukiya, ni na yi ne don ɗakin Umma. Na ce in ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

17 da 18. Umma ta fara takawa da sanda har ƙofar gida, alhamdulillahi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Data ta tashi, abin da nake saya N5,000 yanzu N7,500. Jarrabawar tsakiyar zango ta ci min sati, ga makin takardu. Kashi ɗaya kawai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun haura 20, na iso wurin da nake tsoro tun ranar farko, bakin tafkin Erhai, kwananta ya kusa ƙarewa, inda a ƙarshe ya buɗe baki. Rubutun wurin bai fi shafi biyu ba amma kwana uku ina kansa.

Kalmar da Sinawa suka fi amfani da ita a irin wannan wuri xihuan ce, tana da sauƙi, ita ake cewa ko shayi kake so ko mutum. Suna da wata kuma da suke cewa ai, ita ce mai nauyi, ba kasafai ake furta ta ba. Mu kuma muna da so, muna da ƙauna, muna da bege. Ina ƙaunarki ta yi nauyi, kamar an riga an yi alkawari. Kin burge ni ta yi arha, ta samarin bakin titi ce. Na rubuta kin kwanta min a rai na goge, na sake rubutawa, na gwada ina son ki na ji ta fito tsirara, ba irin bakinsa ba. Abin da ya ƙara wahala shi ne ba neman amsa yake ba, bai ce ta zauna ba, yana gaya mata ne don kar ta tafi ba ta sani ba, kuma ya san tafiyar za ta yi. Dole Hausar ta ɗauki wannan, magana ce ta mai sallama, ba ta mai zuwa zance ba.

A ƙarshe na haɗa biyun. Ya fara da kin kwanta min a rai, sai can inda ya maimaita, sau ɗaya tak, na sa ina son ki.

Na roƙi Auta ya yi muryar namijin a wannan wurin kawai, ya karanta takardar ya ajiye ya ce Yaya a gaban Umma, wallahi ba zan iya ba. Ni na yi. Sau bakwai na ɗauka, na farko murya ta yi rawa, na uku ladan na masallacin baya ya shiga da sanarwa, na shida na ɗauka ya yi sai na ji na sa masa kuka a murya alhali shi bai yi ba. Na bakwai na karanta shi a miƙe kamar mai ba da saƙo, shi na bari.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Mun kalla daren jiya bayan isha'i, mu biyu, an kawo wuta. Umma ta miƙe ƙafar a kan filo, carbi a hannu. Da aka zo wurin carbin ya tsaya. Ba ta kalle ni ba ni ma ban kalle ta ba. Aka gama, waƙar ƙarshe ta taso, na tashi zan cire igiya sai ta ce bar shi tukuna.

Can ta ce Malam shekara guda yana zuwa zauren gidanmu. Umma ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, yana raye ko bayan rasuwarsa, kamar yadda ni ma ba ta taɓa kiran nawa ba don ni ce ta fari. Ta ce in ya zo sai ya zauna a bakin tabarma ya tambayi jikin Inna, ya faɗi kuɗin gyaɗa a kasuwa, ya tashi. Ran nan ya ji tana tari, washegari aka aiko yaro da zuma a kwalba, ba saƙo ba komai. Ta ce har ya koma ga Allah ba ta tuna ranar da ya faɗi irin wannan kalmar ba. Na ce Umma ba ki ji haushi ba. Ta ce haushin me, ai na sani. Sai ta nuna talabijin da carbi ta ce shi wannan dole ya faɗa, tunda tafiya za ta yi, ba shi da shekara guda.

Ta tambaye ni ko Jan Wake za ta dawo. Na ce ba zan faɗa ba. Ta ce to Allah ya sa ta je ta ga iyayenta tukuna, ta daɗe ba ta je ba.

Yanzun nan aka sanar an ga wata, gobe azumi, don haka na rufe aikin sai bayan sallah, asubar da nake ɗauka ta zama ta sahur da karatu. Lissafi zuwa yau, filasha da igiya N10,000, maiko N8,000, batiri N22,000, data N22,500, duka N62,500 ban da fetur da ban rubuta ba. A cikin azumi in na samu sarari da rana zan dinga rage rubutu kawai ba ɗauka. Akwai wurare a gaba da suka matsu da juna fiye da abin da zan iya kallo ina zaune kusa da Umma, na sa musu alama a littafi, Auta zai nuna min yadda ake yankewa ba tare da sautin ya yi tsalle ba. Soson kan maikon ya yage, sai na nemi wani kafin sallah.